Za mu kai jaririyarmu bakin teku a Legas: wane wuri ya dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kabuga, haihuwata ɗaya, 'yata watanta bakwai. Maigidana zai samu hutu a ƙarshen Disamba, ya ce zai kai mu Legas kwana biyar mu ga teku, don ni ban taɓa ganinsa ba sai a waya. Gidan yayansa za mu sauka a Agege. Shi maigidana Tarkwa Bay yake so, wai ruwan can a kwance yake. Matar yayan kuma ta ce Elegushi ko Eleko. Hajiyarsa ta ce sam ba a kai jariri bakin ruwa. Ina son zuwa, amma gabana yana faɗuwa. Wanne za mu zaɓa, kuma me zan riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Tafiyar za ta yiwu, kuma za ki ji daɗinta in sha Allahu, amma da sharaɗin ku yarda tun daga Kano cewa yarinyar ba za ta shiga teku ba, ko da ƙafa. Kallo za ku je yi, a inuwa, na awa biyu zuwa uku, ku koma masauki. In kun tsaya a kan wannan, zaɓen wurin ya zo da sauƙi, domin abin da za ku duba ba kyawun yashi ko hotunan da ake sawa a Instagram ba ne. Ku duba ko mota tana zuwa har bakin wurin, ko akwai rumfa ta gaske, da kuma minti nawa ne daga nan zuwa ɗakinku da asibitin da ke duba yara cikin dare.

Mu fara da Tarkwa Bay, tunda ita maigidanki yake so. Maganarsa gaskiya ce. Dogayen katangun duwatsun da aka jibge a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso can, shi ya sa ruwan ya fi na sauran wurare kwanciya. Matsalar ita ce babu titin mota zuwa wurin. Sai an hau kwale-kwale mai inji daga Marina ko Victoria Island, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20, ta hanyar da manyan jirage suke bi suna tayar da ruwa. Doka ta ce kowane fasinja ya sa rigar kariya daga nutsewa, amma waɗanda ake miƙawa a bakin jirgi na manya ne, in an dace a samu na yaran da suka tasa. Yarinya mai kilo 7 ko 8 in aka zura mata irin wannan rigar, suɓucewa za ta yi ta ƙasa da zarar ta taɓa ruwa. Rigar jarirai daban ce, tana da matashi a ƙeya da igiya da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Kuma babu uwar da za ta iya tabbatar da cewa za ta riƙe goyonta in jirgi ya kife. Ga shi in jikinta ya yi zafi ko ta fara amai da rana tsaka, sai kun jira jirgi kafin ku kai ga mota, kafin kuma ku kai ga likita. Don haka mu dai mun cire Tarkwa Bay daga lissafi, haka Ilashe da duk wani wurin da sai ta ruwa ake zuwa. A ajiye su sai ta girma.

Saura waɗanda mota ke zuwa. Kusa da gari akwai Oniru da Elegushi a yankin Lekki. Amfaninsu kusanci: ga asibitoci, ga kantuna, ga babban masallacin Lekki, ga masaukai iri-iri. Illarsu hayaniya. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi kiɗa ne mai ƙarfi, da cunkoso, da hayaƙin shisha da sayar da barasa a wasu rumfunan, abin da ba zai yi miki daɗi ba ko babu jaririya. Amma ranar Talata ko Laraba da ƙarfe takwas na safe wurin kamar ba shi ba, sai masu shara da masu dawakai. Gaba kaɗan, wajen Ajah, akwai ƙananan wurare masu shinge da kuɗin shiga, irin su Atican, waɗanda iyalai suka fi zuwa. Eleko kuma tana can gaba sosai a Ibeju-Lekki. Ta fi shiru, akwai bukkokin haya da itatuwan kwakwa, sai dai titin Lekki zuwa Epe ne za ku bi, wanda manyan motocin da ke zuwa matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke bi, kuma goslo ɗin Ajah ba ya da alƙawari.

Wani abu da dole ku sani: gaɓar tekun Legas tana canzawa. Bar Beach da iyayenmu suka sani ta tafi, an cike wurin da yashi an kafa Eko Atlantic. A watan Afrilun 2024 aka rushe gine-ginen bakin ruwa na wurin shaƙatawa na Landmark saboda aikin babban titin Legas zuwa Kalaba, kuma titin ya bi ta gefen wurare da dama a wannan layin. Saboda haka kada ku dogara da bidiyon da aka ɗauka shekara uku da suka wuce. Yayan maigidanki ya kira wurin, ko ya aika wani ya gano da idonsa, mako guda kafin ku taso: ana shiga? ta ina mota take bi? nawa ne kuɗin shiga da na rumfa? ana barin mutum ya shiga da abincinsa?

In mu ne za mu zaɓar muku, wuri mai shinge tsakanin Lekki da Ajah za mu ce, a ranar aiki, da safe. Kuma ku kama masauki a nan kusa na kwana biyu daga cikin biyar ɗin. Wannan shi ne babban abin da zai gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Daga Agege zuwa Lekki, ta gadar Third Mainland, in hanya ta buɗe awa ɗaya ne da 'yan mintuna, in ta cushe a yi awa uku. Wanda ya ce zai taso daga Agege ya je ya dawo a yini ɗaya, zai isa bakin teku ne daidai lokacin da rana ta take, ya kuma dawo cikin cunkoson yamma da yarinyar da ta gaji da kuka. Kuɗin otal na dare biyu ya fi wannan wahalar sauƙi.

Kafin ku biya kuɗin masaukin, ku tambayi ko wuta tana kwana, domin wasu suna kashe janareta da tsakar dare. Ku tambayi raga a tagogi, da butar dafa ruwa, da ƙaramin firji, da ko akwai gidan rawa a jikin ginin. Ku nemi sunan asibiti mafi kusa da ke karɓar yara da dare, ku sa a waya tun kafin buƙata ta taso. Lambobin gaggawa a Legas 112 ne da 767. In an kunna na'urar sanyaya ɗaki a bar ta a 24 zuwa 26, kada iskar ta riƙa dukan inda take kwance.

Batun lokaci kuma, da hutun zai ɗagu, da mun so ku bari zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Dalili na farko, ƙarshen Disamba shi ne lokacin da Legas ta fi cika, tikitin jirgi da ɗakin otal duk sun yi tashin gwauron zabi, bakin teku kuma babu masaka tsinke. Dalili na biyu ya fi nauyi: a wata tara ake yi wa yaro allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, kuma jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kama. 'Yarki za ta cika wata tara a wajejen Janairu. Gara ta shiga filin jirgi da taron jama'a da rigakafinta a jiki. Har lokacin rani ne a Legas, ruwan sama mai yawa sai wajen Afrilu yake kankama. In hutun ba zai ɗagu ba, to ku duba katinta ku tabbatar ba a tsallake ta mako 6 da 10 da 14 ba, ku kuma kauce wa ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara gaba ɗaya.

Ku hau jirgin sama. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Ikeja awa ɗaya da rabi ne, a mota kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, yini da dare. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, amma sai an sa sunansa a tikiti, kuma ki riƙe takardar haihuwarta. Ki ba ta nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar ce take buɗe mata kunne. Hazon hunturu yakan jinkirta jirage a Kano a waɗannan watannin, don haka jakar hannunki ta ɗauki pampas takwas da kaya kala uku ko da tafiyar gajera ce. A cikin gari kuma, motocin Bolt da Uber ba sa zuwa da kujerar jarirai. In za ku iya aro ko saye, ku yi, a ɗaure ta a kujerar baya tana fuskantar baya. Acaɓa kuwa kada ma a kawo zancensa.

Yanzu ga tekun kansa, kuma a nan muke so ki nutsu. Wanda ya saba da dam ko kududdufi yakan ɗauka ruwan da bai wuce idon sawu ba ba abin tsoro ba ne. Tekun Atlantika a Legas ba haka yake ba. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa tana fashewa dab da bakin yashi. Ki tsaya a inda ruwa yake lasar ƙafarki, sai igiyar ta zo ta wuce ki, sannan ta juya. A wannan komawar ne za ki ji yashin da ke ƙarƙashin dunduniyarki yana zarewa, ƙafarki tana nutsewa, jikinki yana rinjaya gaba ba da nufinki ba. Kafin ki gyara tsayuwa wata ta iso, kuma ba duka girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana huɗu ko biyar sai wata babba ta haura inda sauran ba su kai ba. Ƙara da zani da hijabi da suka jiƙe suka yi nauyi suna naɗe ƙafa, ga goyo a baya. Haka ake faɗuwa. Don haka duk wanda yake riƙe da yarinyar, ke ko babanta, kada ya taka jiƙaƙƙen yashi. In kina son ki taɓa ruwan, kuma ya kamata ki taɓa tunda kin zo daga nesa, ki miƙa ta ga wani ya zauna da ita a rumfa, ki je ki dawo. Kada ki juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

Maigidanki ma a gaya masa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya haɗu a wani siririn layi ya fita da gudu. Wurin yakan fi duhu, ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Nan ne baƙo yake zaɓa ya shiga, nan ne kuma yake jan mutane. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya yi iyo a gicciye, gefe, har ya fita daga layin, yana ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo sosai ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. In an kafa jar tuta, ba a shiga ko kaɗan.

Wurin shimfiɗa tabarma ma yana da ƙa'ida. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Ki duba yashi za ki ga wani layi na ɓawon kwakwa da robobi da ciyayi, nan ne iyakar inda ruwa ya kai a cikarsa ta baya. Ku zauna sama da wannan layin da taku ashirin ko fiye, kuma ba a kan hanyar masu dawakai da babura masu ƙafa huɗu ba, domin a guje suke wucewa.

Sai rana. Ku isa da ƙarfe bakwai da rabi ko takwas, ku tashi kafin goma da rabi. In safiya ta kuɓuce, to daga huɗu zuwa biyar da rabi. Zafin Legas bai kai na bazarar Kano a ma'auni ba, 31 zuwa 33 ne galibi, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa, shi ya sa jiki ba ya hucewa. Jariri kuma ya fi babba saurin ɗaukar zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goya yarinya a rufe ta da hijabi wai ana kare ta daga rana, ko a lulluɓe keken jarirai da zani. Iska ba ta shiga, ciki ya zama kamar tanda. Ki sauke ta a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ki sa mata riga ɗaya ta auduga mai dogon hannu, sakakkiya, da hula mai baki. Lokaci lokaci ki sa hannu a ƙeyarta da ƙirjinta. In kin ji zafi da danshi, ki cire rigar ki goge ta da tsumma mai ruwa, ki ba ta nono. In ta yi laushi, ta ƙi kama nono, ko numfashinta ya yi sauri, zaman ya ƙare, sai asibiti. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kuma yashi da ruwa suna mayar da hasken rana har cikin inuwa. Tunda ta wuce wata shida, za ki iya shafa mata man kariya daga rana a fuska da bayan hannu da ƙafa, mai lamba SPF 30 ko sama, wanda aka rubuta zinc oxide a jikinsa, a sake bayan awa biyu. Ki gwada ɗan kaɗan a hannunta tun a gida ki ga ko fatar za ta yi ja.

Abin sha, nono ne gaba da komai, ki ba ta fiye da yadda kika saba, ke ma ki sha ruwa sosai. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi, rabin kofi zuwa kofi ɗaya a yini ya isa, na gora mai hatimi ko wanda kika tafasa da kanki. Legas ta yi fama da kwalara a watan Yunin 2024, kuma ta ruwa da abinci take shiga, saboda haka ƙanƙarar masu talla da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka ba nata ba ne, ba naki ba ne. Kada ki dama kunu tun asuba ki riƙa ba ta har azahar, a wannan zafin awa biyu ya ishe shi lalacewa. Ki riƙe garin a busasshe da tafasasshen ruwa a fulas, ki dama kaɗan in za ta sha. In tana shan madarar gwangwani ma haka, abin da ta rage a fida a zubar. Ki tanadi gorar ruwa babba guda ɗaya ta wanke hannu da sabulu kawai, domin za ta damƙi yashi ta kai baki, wannan babu makawa. Kaɗan ba ya komai, ki share mata baki, amma ki tsince guntun kwalba da murafen lemo da ƙarshen taba daga inda kuka shimfiɗa.

A jakar magani ki sa ma'aunin zafin jiki, da fakitin ORS huɗu, wato haɗin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, da ƙwayar zinc, da farasitamol na yara. Fakitin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake haɗawa, wato ledar ruwa biyu, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Zinc ga wanda ya haura wata shida miligiram 20 ne kullum har kwana goma, ko da gudawar ta tsaya. A auna nauyinta kafin ku tafi, ma'aikaciyar jinya ta rubuta miki adadin farasitamol ɗin da ya dace da ita. Alamomin da ba a jira da su: maɗiga ta faɗa, kuka babu hawaye, awa shida pampas a bushe, jini a kashi, ko zafin jiki ya kai 38. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani. Ki tafi da gidan sauronki da igiya, kada ki dogara da na otal. Bokitin banɗaki a kifar da shi bayan kowane wanka, ƙofar kuma a rufe, domin a wata tara rarrafe take, kuma ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba yana iya halaka jariri shiru, ba tare da ko kuka ba.

Maganar Hajiya kada ku yi wasa da ita, kuma kada ke ki zama mai gardama da ita. Tsoronta yana da tushe, kin ga yawan abin da muka lissafa. Ɗanta ne ya kamata ya zauna da ita ya faɗa mata tsarin dalla-dalla: ba za a hau kwale-kwale ba, yarinyar ba za ta taɓa ruwa ba, safiya kawai za a fita, kuma kafin magariba kuna ɗaki. Wannan na ƙarshen ma koyarwar Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a tsare yara a gida idan dare ya kawo kai, kuma daidai lokacin ne sauro yake fitowa. Ya roƙe ta ta yi wa jikarta addu'a kafin ku tashi, ku kuma riƙa kiranta ta bidiyo daga rumfar ta gani da idonta.

In duk da haka ta ce a'a, ko kuɗin bai kai ba, kada abin ya zama rigima a gida. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Bako, bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi daga Kano ba, ruwa ne shimfiɗe iya ganinki, ku je da safe ku dawo kafin la'asar. Sai dai a can ma kallo ne daga nesa. Ruwan dam yana ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga katantanwa su shiga ta fata, abin da ruwan gishiri na teku ba shi da shi. Kada a tsoma mata ƙafa, kada a wanke mata jiki ko fida da shi, ku tafi da ruwanku daga gida.